Ramin da Ke Ƙarƙashin Gicciyen Saje

Ranar Talata da hantsi Ña Eduvigis Talavera ta tafi canja wa gicciyen Saje farin ƙyallensa, don ranar Asabar ake bikin gicciye, sai ta tarar da shi kwance cikin ciyawa, a karye tun daga gindi. Ƙyallen kuwa babu shi babu dalilinsa. Tsohuwar ba ta yi ihu ba. Ta dubi gicciyen, ta dubi wani wawakeken rami da ke can bakin fadama da ƙasarsa a watse, sannan ta juya gida tana dogara sandarta.

Kafin rana ta yi tsaka zance ya karaɗe Isla Timbo. Babu wanda bai san gicciyen nan ba. Yana gindin wata babbar bishiyar timbo a makiyayar tsohuwar, inda aka binne Saje Talavera, yayan kakar mahaifiyarta, wanda ya faɗi a Babban Yaƙi shekara ɗari da hamsin da suka wuce. Mata kan kunna masa kyandir in yaro ya kwanta ciwo. Ko mashayan garin in sun zo wucewa sukan cire hula.

Mutanen Isla Timbo kuwa ba sa wahalar neman mai laifi, suna da nasu na ajiye. Crispín ne, makiyayin tsohuwar, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen mafarkin tukunyar zinariya irin wadda aka ce masu gudun yaƙi sun binne. Duk ramin da aka gani a yankin, in ba na dabba ba ne, to nasa ne.

"Ranar Asabar da an gama addu'a ya kwashi matarsa da 'ya'yansa ya bar mini ƙasata," in ji Ña Eduvigis. Shekara goma sha takwas Crispín yana zaune a bukkar da ke bayan shingenta, ba shi da wani wurin zuwa a duniya.

Sai dai tsohuwar, duk da zafin kanta, tana tsoron alhaki. Ta aika a kira mata Tacho.

Anastasio Cabañas, wanda kowa ke kira Tacho, mai bin sawu ne. Tun yana saurayi in aka sace saniya shi ake nema, ya sunkuya ya dubi ƙasa ya ce ɓarawon gurgu ne, kuma a same shi gurgun. Yanzu ya haura sittin, gwiwoyi sun fara ƙorafi, amma idon yana nan.

"Kada ka ga na ba ka kujera, Don Tacho," ta ce da shi. "Kai ma kana cikin waɗanda nake zargi. Ku huɗun nan da injinanku masu kukan sauro."

"Na sani, Ña Eduvigis."

"Je ka karanto mini ƙasa. In ba Crispín ba ne, kawo mini sunan wanda ya yi. In ba ka kawo suna ba, to Crispín ne."

Zarginta ba a banza yake ba. Fiye da shekara goma ke nan kowace Lahadi su huɗu sukan shiga makiyayarta da na'urorin gano ƙarfe, suna yawo suna saurare har na'ura ta yi kuka, su tono maɓallan rigunan soja, dalmar bindiga, wani lokaci cokali ko ƙarfen sirdi. Akwai Tacho, akwai Hermes bakanike, akwai Zunilda mai kantin magani, sai Wenceslao Ozuna mai gyaran rediyo, wanda shi ya haɗa musu na'urar farko da hannunsa, kuma shi ne aminin Tacho tun suna 'yan makaranta. Sharuɗɗa uku tsohuwar ta gindaya musu: duk ramin da suka tona su mayar da ƙasarsa, kada su sayar da komai, kuma kada ƙafarsu ta taka inuwar timbo da na'ura a hannu.

*

Wurin ya riga ya lalace kafin Tacho ya isa. Rabin gari ya zo kallo, kowa ya tattaka son ransa, shanu suka biyo baya suka ƙarasa aikin. Tacho ya yi tsaki ya fara da ramin bakin fadama. Ya ture ƙasar da aka watsar da ƙafa, ya ga ciyawar ƙarƙashinta ta yi fari fat, ga 'ya'yan kwaɗi suna iyo a ruwan ramin. Wannan rami ya fi mako. Karayar gicciyen kuwa sabuwa ce, cikin itacen ko duhu bai yi ba.

Ya bar wurin taron ya zagaya can nesa, ta wajen shingen kudu inda ba a bi. Nan ya samu abin da yake nema. Mutum ɗaya ne, ya shigo daga tsohuwar hanya ta ƙarƙashin waya, da takalmin roba irin wanda kowane namiji a lardin Ñeembucú ke sawa. Takunsa gajere ne. Ya zauna a kan wani suri. Ya tashi ya ɗan taɓa tafiya ya sake zama a kan wani kututture. Kafin ya kai ga bishiyar ya sake zama a ƙasa, har tafin hannunsa ya fito inda ya dafa zai miƙe. Tafiyar da mai lafiya zai yi bai ko ja dogon numfashi ba.

Wani tunani ya ɗago kai a zuciyar Tacho, ya danne shi da ƙarfi. Tsofaffi da marasa lafiya ai ba su ƙare a yankin ba.

*

Ya samu Crispín zaune a ƙofar bukka ya haɗa kai da gwiwa. Matarsa Ramona ta riga ta fara cusa tukwane cikin buhu.

"Ramin nawa ne, Don Tacho, ba zan yi maka ƙarya ba. Wuta na gani a wurin ranar da aka yi hadarin nan, shuɗiya, tana rawa a kan ciyawa. Ka san abin da hakan ke nufi."

"Me ka samu?"

"Ruwa. Da kwaɗo."

"Gicciyen fa?"

Crispín ya zabura ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa. "Ni? Saje ne fa ya tashe mini 'yata Lidia daga zazzaɓin da ya kusa kashe ta. Hannuna ya shanye in na taɓa shi. Ranar Litinin da safe da na kora shanu yana tsaye lafiya lau, har hula na cire masa."

"Ba ka ga kowa ba?"

"Da rana na kwanta kamar kowa, wa ke yawo a wannan zafin? Amma ranar Lahadi na ga wata farar mota, mutanen ƙetaren kogin nan masu sayen kayan yaƙi. Sun daɗe a garejin Hermes."

Tacho ya miƙe zai tafi, Ramona ta sha gabansa da murfin tukunya a hannu.

"Don Tacho, yara huɗu gare mu. Ka faɗa mini inda za mu nufa, in san ko gabas zan fuskanta ko yamma."

Tacho ya gyara hularsa ya wuce, kunya tana cin sa kamar shi ya yi korar.

*

Ranar Laraba ya tarar da abokansa a garejin Hermes, zaune kan tsofaffin tayoyi, ƙahon terere yana zagayawa hannu zuwa hannu, ganyen yerba da ruwan ƙanƙara.

"Ga karen farauta nan ya iso!" in ji Hermes, ƙato mai baƙin mai har gwiwar hannu. "Zauna, ranka ya daɗe. Ka zo da ankwa ne, ko sai mun ara maka?"

Tacho ya karɓi ƙahon ya zuƙe ya mayar. "Farar mota," ya ce.

Hermes ya daina dariya. "Fanbel ɗinsu ne ya tsinke."

"Fanbel kawai?"

"Faɗa masa, ƙaton banza, kafin ni in faɗa," in ji Zunilda. "Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as."

Hermes ya sosa ƙeya, ya dubi rufin kwano, ya ce to, ya sayar musu da banatin nan da ya tono bara. Guda ɗaya tak, kuma duk ya yi tsatsa. Sun yi ta roƙonsa ne.

"Ka karya sharaɗi," in ji Tacho.

"Na karya, a yanka ni. Amma gicciyen Saje? Haba! Mutanen nan tun yammacin Lahadi suka haye kogi. Ni kuma ranar Litinin tun asuba ina Pilar sayen kayan gyara, ga wadda na ɗauka a mota nan, ta cika mini kunne da surutu zuwa da dawowa."

"Da ban yi surutun ba da ka kai mu cikin fadama, kana tuƙi kana gyangyaɗi," in ji Zunilda. "Gaskiya ya faɗa, Tacho. Sai bayan faɗuwar rana muka shigo gari."

Tacho ya ji kunyar kansa, domin ya so ƙwarai a ce Hermes ne. Hermes fata gare shi mai kauri, da an yi masa ihu kwana biyu ya wuce.

"Ku bar shi ya yi aikinsa," in ji wata murya daga lungu, a shaƙe kamar ana jan buhu a kan siminti.

Wence ne. Yana zaune nesa da su, ya naɗe wuyansa da gyale, ga nasa ƙahon daban da filas ɗin ruwan zafi. Tun farkon shekara da ciwon maƙoshi ya kama shi ya daina sa baki a ƙahon jama'a. Zunilda ta faɗa masa har ta gaji cewa ciwon ba a ɗaukarsa, ya ƙi ji. Nasa yake haɗawa, da zafi, da ganyen amba'y na tari da ƙonannen ɓawon lemo. Tacho ya dubi wandonsa da ya yi masa yawa, ya kau da kai da sauri.

*

Alhamis ta wuce bai samu komai ba. Ya bi gidajen tsofaffi uku da ya san suna fama da numfashi, yana neman wanda zai ɗora wa sawun nan. Ɗaya yana asibiti, ɗaya ba shi da ƙafar dama, na ukun ya kore shi da tsintsiya.

Ranar Juma'a da sassafe ya koma gindin timbo shi kaɗai. Kwana huɗu ba a yi ruwa ba, kuma ƙasa ba ta iya riƙe sirri in ta ji ƙishi. Dab da inda gicciyen yake a da, wani siririn layi ya bayyana a cikin ciyawa, ya yi ruwan ɗorawa, ya lanƙwasa kamar kofaton doki. Tacho ya daɗe a tsaye yana kallonsa. Ya san wannan yanka kamar yadda ya san tafin hannunsa. A yanke ciyawa ta gefe uku, a bar na huɗu a manne don saiwa ta rayu, a buɗe ta kamar murfin akwati, a zuba ƙasar rami a kan ƙyalle, in an gama a mayar a rufe a taka. Masu neman zinariya ba sa yin haka. Baƙi masu farar mota ba sa yin haka. Mutum huɗu ne kawai a Isla Timbo ke mayar da ƙasa, kuma biyu suna Pilar ranar Litinin.

Ya durƙusa ya sa wuƙa ya ɗaga murfin ciyawar. Bai tona ba, ba ya ma bukata. Suna da wata al'ada tun farkon fara wannan yawo: duk ramin da suka samu kayan soja, kafin su rufe sai su juye masa ganyen da ya rage a ƙahon shansu. Rabon mai kaya suke ce masa, wai ba a taɓa kayan mamaci ba a ba shi ko abin jiƙa maƙoshi ba. Ga ganyen nan kwance a kan jar ƙasa, da ɗan danshinsa. A cikinsa akwai gutsattsarin amba'y masu farin baya, da baƙin ɓawon lemo.

Ya zauna daɓas a ƙasa. Da ana sayar da ido, da ranar ya sayar da nasa a kowane farashi.

*

Wence yana shagonsa a tsakiyar matattun rediyoyi. Tacho ya kwance hankicinsa a kan tebur, ganyen yana ciki. Wence ya dube shi, ya yi wani guntun murmushi.

"Na manta da wa nake abota," ya ce.

"Don me, kompadre?" Tacho ne ya riƙe 'yar Wence ranar baftismarta, tun daga ranar ba su sake kiran juna da suna ba.

Wence ya kurɓi ruwan zafinsa kafin murya ta fito. "Ka tuna Lahadin farko, kafin tsohuwar ta hana mu inuwar bishiyar? Na wuce da na'ura ta gefen gicciyen sau ɗaya. Ta yi wani kuka, kompadre. Ni da na ƙare rayuwata ina sauraren sauti, ban taɓa jin irinsa ba. Ba ƙarfe ba ne, ba dalma ba ce. Shekarun nan duka in na kwanta sai in ji shi a kunnena." Ya yi tari ya goge baki. "Likitan Asunción ya ce da wuya in ga furen bishiyar lapacho na bana. Sai na ce a raina, in tafi ke nan ban sani ba?"

"Shi ne ka karya gicciyen."

"Ban karya shi da gangan ba. Da na gama na kasa tashi. Dafa shi na yi."

Tacho ya runtse ido. Ya gwammace a ce mugunta ce, da ya san abin da zai yi da ita.

"Me ka samu?"

"Wannan ba kai zan faɗa wa ba."

"To tashi mu je ka faɗa mata da bakinka."

"Ba zan iya ba. Matata Fidelina ce ke jan addu'ar gicciye shekara da shekaru. Ka san garin nan. Har jikokina za a riƙa nunawa ana cewa ga zuriyar mai tonon kabari. Ka bar ni in mutu da sunana. 'Yan watanni ne. In an binne ni ka hau kan coci ka yi shela."

"Crispín ba shi da watanni. Gobe ce."

"Ka ce baƙi ne."

"Suna ta ce in kawo."

Wence ya kamo hannunsa. Yatsun sun zama kamar tsinke, amma riƙon da ƙarfi. "Tun muna yara ban taɓa roƙonka komai ba, kompadre."

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa ba. Tacho ya zare hannunsa a hankali ya fita. Gaba kura, baya sayaki. Ya yini yana juya maganar yana neman wata ƙofa ta uku, bai same ta ba.

*

Ranar Asabar aka ɗaure gicciyen da waya aka kafa shi a rumfar ganye a tsakar gidan Ña Eduvigis, aka rataye masa gurasar chipa ko ta ina, ƙamshin cuku da rogo ya cika wurin. Ña Fidelina, matar Wence, ta ja addu'a da muryarta mai daɗi. Da aka shafa, yara suka yi wa chipa wawa, manya kuma suka ƙi tafiya, don kowa ya san ba gurasa ce kaɗai ta kawo shi ba.

Tsohuwar ta zauna a kujerarta a baranda ta sa aka kira mata Crispín da Ramona da abokan nan huɗu. Buhunan Ramona suna jingine a bakin ƙofar shinge, a ɗaure.

"Ina jin ka, Don Tacho."

"Ba Crispín ba ne, Ña Eduvigis. Raminsa ya girmi karayar gicciyen da mako guda. Na rantse da kabarin uwata."

"Uwarka mutuniyar kirki ce, ka bar ta ta huta. Suna."

"Wanda ya yi bai zo da mugunta ba. Ya tona dab da gicciyen, ya mayar da ƙasa, ya rufe ciyawa yadda ko ke ba ki gani ba. Ɓarawo ba ya mayar da ƙasa."

Hermes da Zunilda suka dubi juna. Fuskar Zunilda ta canja, ta kai hannu ta rufe bakinta.

"Ke nan ɗaya daga cikinku ne," in ji tsohuwar.

"Ki hana mu makiyayar gaba ɗaya. Ki ɗora mana mu huɗu, mun karɓa," in ji Tacho.

"Ni na karɓa!" in ji Hermes da sauri. "Ni dama na saba da zagi."

"Rufe mini baki, kai kana Pilar, duk gari ya ji ƙarar akwalar motarka." Ta buga sandarta a ƙasa. "Ban ce a kawo mini garke ba. Suna na ce. In babu, ga buhuna can an riga an ɗaure."

Tacho ya dubi Wence. Ya ba shi lokaci, ya ƙara masa. Wence yana kallon takalmansa. Can gefe ƙaramar 'yar Crispín tana gutsurar chipa, ta riƙe zanen uwarta da ɗaya hannun.

"Wenceslao ne," in ji Tacho.

"Ƙarya kake!" Ña Fidelina ta taso. "Mutumin da ko tsakar gida ba ya iya ƙetarawa? Kai da ka ci a tukunyata shekara talatin, Tacho?"

Wence ya ɗaga hannu, ta yi shiru. Bai dubi Tacho ba.

"Me ka ɗauka?" in ji tsohuwar.

"Ban ɗauki komai ba."

"Ƙyallena fa?"

"Da shi na naɗe shi." Sai da mutane suka matso kafin su ji abin da yake cewa. "Begila ce ta tagulla, irin wadda ake busa wa sojoji. Ita ce ke kuka. Tana kan ƙirjinsa. Ña Eduvigis, Sajenki... haƙoran yarinta ba su gama zubewa a bakinsa ba. Ƙashin hannunsa bai fi bututun zuƙar terere tsawo ba. Na kasa mayar da shi haka tsirara cikin ƙasa."

Tacho ya zaci tsohuwar za ta faɗi, har ya matsa kusa. Ba ta ko motsa ba.

"Shekararsa goma sha ɗaya," ta ce. "Ka ɗauka ba mu sani ba? Uwarsa ce ta haƙa masa ramin da hannunta, ita ta sa masa Saje, don abin da yake cewa zai zama ke nan in ya girma. Kowace mace a gidan nan ta sani, uwa ta faɗa wa 'ya. Muka bar wa gari sajensu, mu muka riƙe yaronmu. Na ba ku makiyaya guda, ku tona duk inda kuka ga dama. Inuwa ɗaya tak na ce ku bar mini, yaro ya yi barcinsa."

Ta goge ido da bakin mayafi sau ɗaya, ta koma yadda take.

"Crispín, kwance buhunanka, ka je ka cike wancan ramin naka na wauta kafin saniya ta karye a ciki. Ku kuma, daga yau na'ura ba ta sake shiga ƙasata." Ta juya ga Wence ta daɗe tana kallon gyalen wuyansa. "Kai ba ni da abin da zan yi maka wanda Allah bai riga ni ba. Tafi gida."

Ramona ta fashe da kuka ta kama hannun Tacho tana sa masa albarka. Bai ji ko kalma ɗaya ba. Idonsa yana kan Fidelina da ta tallafi mijinta suna ratsa taron, mutane suna darewa gefe suna janye yaransu.

*

Garin bai yi wa Wence da sauƙi ba. Waɗanda suka bar rediyo a shagonsa suka aiko aka karɓa ba a gyara ba. Aka ba wata matar jan addu'a. Hermes da Zunilda suka ce wa Tacho ya yi daidai, ba shi da yadda zai yi, shi ma ya san haka, amma sanin bai hana shi kasa cin abinci ba.

Ranar Lahadi da hantsi, lokacin da suka saba haɗuwa, ya sa hularsa ya nufi gidan Wence da ƙunshin ganyen amba'y da ya tsinko da kansa. Ya tafa hannu a bakin shinge, sallamar garin ke nan. Fidelina ta fito ta tsaya a ƙofa, ba ta buɗe ba.

"Barka da hantsi, komadre. Yaya mai jiki?"

"Barci yake. Tun safe bai tashi ba."

Tacho bai so ya duba ba, idon ne ya saba. An share tsakar gidan da safe, sawun tsintsiya yana nan raɗau. A kansa ga sawun silifas ya taso daga kujerar gindin mangwaro ya nufi ɗaki, taku gajere, da sauri, har ƙafa ɗaya ta ja ƙasa. A bakin ƙofa an dafa bango. Ƙahon yana kan kujera, tururi yana tashi daga cikinsa.

Ya rataye ƙunshin ganyen a jikin shingen.

"To, kada a tashe shi," ya ce. "In ya farka a ce na zo."